Babi na Biyar: Sa'ad da Ƙarfin Bawa Ya Ƙare

Akwai tambayar da ba ta rabuwa da filin fatawa na rediyo da zauren malamai. Lafazinta kan sauya, amma cikinta ɗaya ne. Wata za ta ce, "Malam, tun da ɗana ya rasu na kasa jan carbi, in na ɗaga hannu addu'a ba ta fitowa. Anya Allah bai yi fushi da ni ba?" Wani ya ce da can ba a raba shi da sahun farko, yanzu bashi ya yi masa katutu, asuba ma sai rana ta fito. Wani kuma jinya ce ta kwantar da shi har ya fara jin wasu maganganu a zuciyarsa waɗanda yake jin kunyar furtawa. Dukansu abu ɗaya suke son sani: in ƙarfina ya ƙare, imanina ya yi sanyi, ina matsayina a wurin Ubangiji?

A ƙarƙashin tambayar akwai wani lissafi da yawancinmu muka tashi da shi ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana ba. Muna ɗaukar rahamar Allah kamar albashi: wanda ya zo aiki a biya shi, wanda ya yi fashi a yanke masa. To in haka ne, ranar da mutum ya fi buƙatar rahama ita ce ranar da ba shi da abin karɓa, domin ita ce ranar da bai iya taɓuka komai ba. Bari mu auna wannan lissafi da abin da ya faru da mutanen da babu mai shakkar imaninsu.

A gindin dabino

Nana Maryam mace ce da Alƙur'ani ya shaida an zaɓe ta a kan matan duniya. Tun tana yarinya take ibada a ɗakinta na masallaci, Annabi Zakariyya (AS) yana shiga yana tarar da abinci a wurinta har ya tambaye ta inda yake fitowa. Amma sura ta 19, wadda ke ɗauke da sunanta, ba ta ɓoye ranar da ta karaya ba. Naƙuda ta kai ta gindin wani dabino, nesa da danginta, ba uwa ba ungozoma, ga kuma sanin abin da mutanen gari za su faɗa in ta koma da jariri alhali ba ta da miji. A nan ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, a manta da ita baki ɗaya.

Da a gabanmu ta faɗi haka, da wani ya yi wuf ya ce ta yi istigfari. Amsar da ta zo mata ba ta da tsawa ko kaɗan. An ce kada ta yi baƙin ciki, an nuna mata ruwa yana gudana kusa da ita, an ce ta girgiza dabinon nunannun 'ya'ya su zubo, ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. Sai bayan an gama da cikinta da ƙishinta aka zo kan maganar mutane, nan ma aka ɗauke mata nauyin kare kanta: ta yi shiru, wani zai yi magana a madadinta.

Malaman tafsiri sun daɗe suna tsayawa a kan wannan girgizar. Ƙato majiyi ƙarfi ma ba ya motsa kututturen dabino, balle macen da ke cikin ciwon haihuwa. Ashe ba ƙarfinta ne zai zubo da dabinon ba. An dai nemi ta miƙa hannu. Wannan ɗan motsin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Gyangyaɗi a fagen fama

A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, wato 625 Miladiyya, Musulmi kusan 700 suka tsaya a gindin dutsen Uhudu gaban Ƙuraishawa 3,000. Da ma sun fito su 1,000 ne, Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da kusan 300 a hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora maharba 50 a kan wani tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya ja musu kunne kada su sauko ko an ci nasara ko an sha kashi. Da suka ga abokan gaba sun juya, mafi yawansu suka sauko ɗibar ganima. Khalidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahaya dawakai ta baya.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. An kashe Hamza, an kashe Mus'abu ɗan Umairu mai riƙe da tuta, aka yi shela cewa an kashe Annabi. An ji masa rauni a fuska, haƙorinsa ya karye. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada. Wasu suka haye dutse, wasu suka nufi Madina da gudu, wasu suka zauna daɓas suka rasa abin yi. Waɗannan fa su ne mafifitan al'umma, kuma masifar da hannun wasu daga cikinsu a ciki.

To me aka saukar musu a wannan hali? Barci. Abu Ɗalha ya ba da labari cewa gyangyaɗi ya lulluɓe su suna tsaye a sahu, takobinsa ya suɓuce daga hannunsa ya ɗauka, ya sake suɓucewa ya sake ɗauka. Ya ce ya ɗaga kai ya duba, bai ga kowa ba sai yana layi a ƙarƙashin garkuwarsa. Aya ta 154 ta Suratu Ali Imrana ta ambaci wannan gyangyaɗin a matsayin aminci da aka saukar bayan baƙin ciki, ta kuma nuna cewa bai sami kowa da kowa ba: akwai wani ɓangare da damuwar kawunansu da mummunan zato ga Allah suka hana su rintsawa.

Wanda ya taɓa kwana a ƙauyen da ake jin harbi daga bayan gari ya san tsoro da barci ba sa haɗuwa a ido ɗaya. Mutum zai kwana uku idonsa biyu, jiki na rawa, tunani ya dagule, ya kasa bambance abin da ya kamata da wanda bai kamata ba. Ɗan rintsawar nan ita ce ta mayar wa mutanen Uhudu hankalinsu. Ba mala'iku aka nuna musu suna sauka sahu-sahu ba, ba a kuma juya yaƙin ya zama nasara ba. An ba su abin da jikinsu ke nema a wannan sa'a. Ni a ganina, da yawa daga cikinmu rahama takan zo mana a irin wannan kama, mu kasa gane ta don ta yi mana ƙanƙanta: barcin da ya ɗauke mai makoki a daren farko, maƙwabciyar da ta shigo da kunu ba a aike ta ba, yaron da ya yi wata wauta aka yi dariya a gidan da aka kwana bakwai ba a yi ba.

Ba a tsaya nan ba. Ayar da ke biye ta yi maganar waɗanda suka juya da baya a ranar, ta ce Shaiɗan ne ya zamar da su saboda wani abu da suka aikata, sannan ta sanar cewa Allah Ya yafe musu. Laifin an faɗe shi, yafiyar ma an faɗe ta, a numfashi ɗaya. Shekaru da yawa bayan haka wani mutumin Masar ya zo aikin Hajji, ya tare Abdullahi ɗan Umar yana neman aibin Sayyidina Usman, ya tambaye shi ko ya san Usman ya gudu ranar Uhudu. Ibnu Umar bai musa ba. Ya ce haka ne, kuma shi shaida ne cewa Allah Ya yafe masa. Wanda Ubangijinsa Ya rufe wa shafi, wa ya isa ya buɗe?

Sannan a aya ta 159 aka umarci Annabi (SAW) ya yafe musu, ya nema musu gafara, kuma ya ci gaba da shawara da su. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni mamaki. Shawarar matasa ce ta sa aka fita daga Madina tun farko, alhali shi ya fi son a tsaya a cikin gari. Duk shugaban da muka sani, da ya ce daga yau ya daina jin ta bakin kowa. Sai ga umarni daga sama cewa a mayar musu da mutuncinsu, a zauna da su a tambaye su ra'ayi.

Harshen da aka tilasta

Ammaru ɗan Yasir ya ga abin da ba kowane ɗa zai gani ya zauna daidai ba. Banu Makhzum suna fitar da shi da iyayensa cikin garjin ranar Makka suna gana musu azaba. Abu Jahil ya soke mahaifiyarsa Sumayya da mashi, ta zama ta farko da ta yi shahada a Musulunci. Mahaifinsa ma a cikin azabar ya cika. Shi kuma suka ci gaba da shi har sai da ya furta abin da suke so, ya ambaci Annabi da mummuna, ya yabi gumakansu, sannan suka sake shi.

Ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana kuka, yana ganin ya halaka. Tambaya ɗaya aka yi masa: yaya yake jin zuciyarsa? Ya ce tana nan natse da imani. Sai aka ce masa in sun sake, shi ma ya sake. Aya ta 106 ta Suratun Nahli ta tabbatar da hukuncin har abada: wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na kan imani, babu laifi a kansa.

A wannan garin, a waɗannan shekarun, Bilal ya jure, an ɗora masa dutse a ƙirji bai ba su kalma ɗaya ba. Addini ya girmama juriyar Bilal, bai kuma tozarta Ammaru ba. Ba a halicci mutane da ƙashi iri ɗaya ba, kuma Wanda Ya halicce su Ya fi kowa sanin haka. Ammaru ya rayu ya haura shekara 90, har yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, yana cikin manyan sahabbai. Mu da muke bin mazhabar Imamu Malik muna da rabo na musamman a wannan babi: an yi wa limamin namu bulala a Madina zamanin halifa Mansur, har kafaɗarsa ta goce, saboda ya tsaya kan cewa sakin wanda aka tilasta ba saki ba ne.

Sauƙin da aka gina cikin ibada

Ba sai an je fagen yaƙi ba. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure cike suke da wannan tausayin, sai dai mun saba da su har mun daina ganinsa. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basur, ya kai kukansa, aka ce ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Wanda ba shi da ruwa ko ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. Matafiyi ya yi ƙasaru. Mara lafiya ya ajiye azumi ya rama, wanda ba a sa ran warkewarsa ya ciyar. Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa bawan da ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Nan lissafin nan namu ya rushe gaba ɗaya: ga mutum kwance bai yi aikin ba, ana rubuta masa cikakke.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga dattijo mai ciwon suga, likita ya hana shi azumi, malami ya ba shi fatawa, amma ya kafe sai ya yi, wai kada jikoki su ga yana ci da rana. Wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron idon mutane ne ya sa rigar tsoron Allah.

Wanda ya jawo wa kansa fa?

Mai karatu zai iya cewa: Maryam ba ta yi laifi ba, Ammaru tilasta shi aka yi, mara lafiya ba shi ya ɗora wa kansa ba. Ni kuwa raunina daga ni ne, sakaci ne da son jiki. To ga Ka'abu ɗan Malik.

A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi shelar fita Tabuka, can kan iyakar Rumawa. Lokacin tsananin zafi ne, tafiya mai nisa, ga dabino ya nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu da bakinsa ya ce bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba, har raƙuma biyu gare shi. Kullum zai fita da niyyar shiri ya dawo bai yi komai ba, yana cewa gobe ma rana ce, zai cim musu. Haka runduna ta tafi ta bar shi. In ya zaga gari ba ya ganin kowa sai wanda aka sani da munafunci ko wanda Allah Ya yi wa uzuri.

Da Annabi (SAW) ya dawo, mutum 80 da ɗoriya suka zo suna rantse-rantse da kawo uzuri, ya karɓi zahirinsu ya bar zukatansu ga Allah. Ka'abu mawaƙi ne, mai kaifin harshe, ya san da ya so da ya tsara maganar da za ta fisshe shi. Sai ya zauna a gabansa ya ce ba shi da wani uzuri. Wasu mutum biyu, Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, su ma haka suka yi. Aka hana Musulmi magana da su ukun.

Sauran biyun suka kulle kansu a gida suna kuka. Ka'abu ya fi su ƙuruciya, yana zuwa masallaci, yana shiga kasuwa, ba mai ce masa uffan. Yakan yi wa Annabi sallama bayan salla, sai ya tsaya yana tambayar kansa ko leɓɓansa sun motsa da amsa ko ba su motsa ba. Yakan yi nafila kusa da shi yana satar kallo: in ya duƙufa a sallarsa sai Annabi ya dube shi, in ya waiwayo sai ya kau da kai. A dubi wannan da kyau. Ana horonsa, amma ido na kansa.

Da abin ya ishe shi ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma wanda ya fi so a cikin mutane. Ya yi sallama, shiru. Ya haɗa shi da Allah ya faɗa masa ko ya san yana son Allah da ManzonSa. Sai a karo na uku Abu Ƙatada ya buɗe baki, abin da ya ce kawai shi ne Allah da ManzonSa ne suka sani. Ka'abu ya sauko yana hawaye. A cikin wannan ƙuncin wani falke daga Sham ya miƙo masa wasiƙar sarkin Gassan, yana gayyatarsa ya koma can a karrama shi tun da mutuminsa ya wulaƙanta shi. Ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya jefa ta a tanderu. A kwana na 40 aka ce su nisanci matansu. Matar Hilalu ce kaɗai ta nemi izini ta ci gaba da yi wa mijinta hidima, don tsoho ne ba shi da mai kula da shi, aka ba ta.

Safiyar cikar kwana 50, ya idar da sallar asuba a saman ɗakinsa, ƙasa duk faɗinta ta yi masa ƙunci, sai ya ji murya daga kan dutsen Sal'u ana kiran sunansa da bushara. Ya faɗi ya yi sujada. Wani ya sukwano doki don ya kawo labarin, amma muryar mai hawa dutse ta riga shi. Ka'abu ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba mai busharar, ba shi da wasu, sai da ya ara ya sa ya tafi masallaci. Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya miƙe da sassarfa ya yi masa musafaha, abin da Ka'abu bai manta masa da shi ba har ya mutu. Fuskar Annabi na walƙiya don murna, ya gaya masa wannan ce mafi alherin ranar da ta zo masa tun da aka haife shi. Ka'abu ya tambaya: daga wurinsa ne ko daga wurin Allah? Aka ce daga wurin Allah. Ya so ya sadaukar da dukiyarsa duka, aka ce ya riƙe wani abu, ya riƙe rabonsa na Khaibara.

Aya ta 118 ta Suratut Tauba ce ta sauka a kansu, kuma ta sa karɓar Allah a gaba, tubansu a baya: Shi Ya fara juyowa gare su don su samu su tuba. Masu uzurin ƙarya an ƙyale su sun tafi gida lafiya, daga baya ayoyi suka tona su. Waɗanda aka matsa, su aka so. Abin da Ka'abu ya kawo daga ɓangarensa kuwa bai fi girgizar Maryam ba: ya faɗi gaskiya sau ɗaya, ya ƙi ƙofar da sarkin Gassan ya buɗe masa, ya ci gaba da zuwa masallacin da ba mai amsa masa sallama.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, kwana 50 ba wasa ba ne. Rahama ba kullum take nufin gaggawa ba. Na biyu, wannan ƙauracewar umarnin Annabi ce da wahayi ke tsaye a bayanta. Babu wani shugaban ƙungiya ko limamin unguwa a yau da zai fake da ita ya sa a daina gaisawa da wanda ya saɓa masa.

Mu ne muke ƙara nauyin

Sau da yawa ba Allah ne Ya tsananta wa mai rauni ba, mu ne. A je gidan makoki a ga uwar da ta binne ɗanta da safe. Hawaye ya zubo, sai wata daga gefe ta ce, "Haba Hajiya, ina tawakkalin? Ki daina, kina ƙara masa azaba." Sai baiwar Allah ta haɗiye kukan, ta ƙara da jin cewa ta yi zunubi. Alhali a shekara ta 10 bayan Hijira Manzon Allah (SAW) ya rungumi ɗansa Ibrahim, yaron da bai kai shekara biyu ba, yana fitar rai, idanunsa suna zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki ya ce har shi ma? Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido zai yi hawaye, zuciya za ta yi baƙin ciki, harshe ne dai ba zai faɗi abin da Ubangiji ba Ya so ba. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufa. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ake buga misali da shi wajen kyakkyawan haƙuri.

Haka muke yi wa mai ciwon damuwa. Mutum ya daina cin abinci, ya daina barci, ya daina son abin da yake so, mai jego ta kasa ko kallon jaririnta, sai a yanke hukunci cewa ƙarancin imani ne ko aljanu. A yi masa addu'a, ƙwarai kuwa. Amma a kai shi asibiti, domin cuta ce da likitoci suka sani kuma suke magani, kuma wanda ya ce a nemi magani shi ne wanda ya koyar da addu'ar. Wanda ya fara maganar ya gaji da rayuwa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a buɗe masa da wa'azin wuta. A ba shi ruwa, a ba shi abinci, a zauna da shi, a nema masa likita.

Saura tambaya ɗaya da na san tana cin mai karatu. Maryam an amsa mata nan take, mutanen Uhudu a yininsu, Ka'abu bayan kwana 50. To wanda ya shekara goma yana roƙon haihuwa, ko lafiya, ko dawowar ɗan da aka sace, har yau shiru fa? Babi na gaba zai bi Annabi Zakariyya da Annabi Ayyuba da Annabi Yaƙub cikin dogayen shekarunsu na jira, mu ga abin da addu'a ke yi a lokacin da ba a ga amsarta ba.